Dogon Hutu Da Halin Da Malaman 'Ya'yanmu Su Ke Ciki



Muna so mu yi magana a kan wata kalma da ta ke yawo a bakin mutane duk shekara in an rufe makarantun boko an shiga dogon hutu. A kasuwa a kan faɗe ta, a tashar mota a kan faɗe ta, har a ƙofar masallaci bayan la'asar. Kalmar kuwa ita ce, wai ticha ya fi kowa more duniya, gama yana kwance a ɗaki wata guda cur, albashi yana shiga, shi ko alli bai taɓa ba. Mai goro ya kan ce shi ranar da bai buɗe huhu ba, ba a ɗora tukunya a gidansa. Mahauci ma haka ya kan ce. Mai koko ta ce ita tun kafin kiran assalatu ta ke gaban wuta, ba ta san wani abu wai shi hutu ba sai ranar Salla. Duk gaskiya suka faɗa game da kansu. Amma game da malami, mu a ganinmu ba su duba da kyau ba, kuma rashin dubawar nan tana jawo mana hasara a cikin gidajenmu ba mu sani ba. Don haka muka ga ya kamata mu baje maganar a faifai, kowa ya gani.

Mu dai karatunmu na allo ne, ba mu zauna kan benci ba. Amma wanda ya ke zama a zauren liman ya kan ji abin da ya ke damun unguwa, gama duk wanda ransa ya ɓaci nan ya ke kawo kuka. Malaman bokon nan kuwa 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, sahu ɗaya mu ke tsayawa da su. Abin da kunne ya ji, ido kuma ya gani, shi za mu faɗa.

Hali uku na malami cikin hutu

Wanda ya lura zai ga malami yana shiga hali uku tsakanin rufe makaranta da buɗewa.

Makon farko za ka gan shi fuska sake, kamar wanda aka sauke wa dutse daga ka. Ya yi barci har rana ta fito, ya zo sallar azahar cikin jam'i, ya tsaya a gaisa da shi a tsanake. Muryar nan da ta dushe don tsawa ta fara dawowa. Ya riƙa lissafa abin da zai yi: zai gyara rufin ɗaki, zai je Tamale ko Yandi ko Bawku ya gai da tsofaffi, zai karance littafin nan da ya ajiye tun bara. Garin ma ya kan taya shi, gama a Kumasi da Ankara watan Agusta da sanyi-sanyi ya ke zuwa, rana ta ɓuya cikin gajimare, masara sabuwa ta cika bakin hanya.

Ba a jimawa sai hali na biyu ya shigo. Ya lissafa kuɗin mota zuwa arewa da dawowa, da tsarabar da ba a zuwa gida ba ita, sai ya ga albashin ba zai kai ba, tafiya ta fasu. Mai gida ya aiko a kan kuɗin haya. Dokar haya ta 1963 ta hana a karɓi fiye da na wata 6 gaba ɗaya, amma kowa ya san na shekara ɗaya ko biyu a ke nema, wanda bai biya ba ya kwashe kayansa. Sai ka ga malami ya shiga neman abin yi. Wani ya tara yara yana yi musu karatun hutu a barandar wani gida, wani ya karɓi motar haya yana ja, wani ya zauna a rumfar aika kuɗi ta waya, malama kuwa ta shiga saye da sayarwa na atamfa ko sabulu. Waɗansu kuma lokacin nan ne su ke tafiya jami'ar Winiba ko ta Kep Kos su ƙaro karatu da kuɗin aljihunsu, domin ba takarda ba ƙarin girma. A wannan hali, in ka yi masa wasa ka ce, "Ticha, ana ta hutawa?" sai ka ga ya yi murmushin da bai kai zuci ba.

Hali na uku shi ne na mako na ƙarshe. Nan fa sai ya yi shiru, ya riƙa tsaki shi kaɗai. Ba ƙin aikin ya ke yi ba, gama da yawansu in sun ga yaran a hanya fuskarsu har haske ta ke yi. Abin da ya ke damunsa shi ne bai san me zai tarar ba. Ko an sake doka, ko an sake littafi, ko an ɗauke shi an jefa wani ƙauye, ko yaran da ya bari suna haɗa baƙi sun manta sarai. Ruwa ba ya tsami banza. Tsakin nan na malami yana da dalili, mu kuwa da mu ke miƙa masa 'ya'yanmu ya wajaba mu san dalilin.

Abin da ya ke ci masa tuwo a ƙwarya

Ku ɗauki aji ɗaya a makarantar gwamnati cikin unguwa mai cunkoso irin namu, ko Aboabo ce, ko Asawase, ko Nima, ko Sabon Zango. Ba abin mamaki ba ne ka tarar da yara 60 ko fiye a ɗaki guda, uku uku a bencin da aka yi don biyu. In malami ya ba su aiki sau biyu a yini, littattafai 120 ke nan zai duba da jan biro, kuma ba a cikin lokacin aji zai duba ba, sai ya ɗauko su gida. Bayan wannan ga shirin darasi da zai rubuta hedimasta ya sa hannu, ga rajista, ga sakamakon jarrabawa na kowane yaro. Mai kanti in ya kulle kantinsa ya gama. Malami kuwa kantinsa yana biyo shi har kan tabarma.

Sa'an nan ga maganar albashi. Ba ɓoyayyen abu ba ne, sabon malami ya kan yi watanni yana aiki kafin sunansa ya shiga takardar biya. Cikin watannin nan da me ya ke ci? Da bashi, da taimakon uwa wadda ta sayar da ƙosai ta sa shi makaranta tana jiran ranar da zai ɗauke mata nauyi. Wanda ya daɗe a aikin ma bai tsira ba. A shekarar 2022 tsadar kaya ta hau har ta wuce kashi 50 cikin 100 a watan Disamba. Tun a watan Yuli na shekarar ƙungiyoyin malamai suka shiga yajin aiki suna neman ƙarin kashi 20 na rage raɗaɗin tsada, aka daidaita a kan 15. Ku da ku ke kasuwa kun san yadda buhun shinkafa da galan ɗin mai suka yi a shekarar nan. Ɗan kasuwa in kaya sun tashi shi ma ya kan ɗaga nasa. Malami ba shi da abin ɗagawa sai murya.

A 2021 aka fito da shirin ba kowane malami kwamfuta, gwamnati ta biya kashi 70, malami ya biya 30. Niyya ce mai kyau. Amma an cire kuɗin, waɗansu suka daɗe suna jira ba su ga kaya ba, har maganar ta shiga cikin dalilan wani yajin aikin a 2024. To, mutumin da aka karɓi kuɗinsa aka bar shi da jira, in aka zo masa da wani sabon shiri gobe, yaya zai karɓe shi da zuciya ɗaya?

Amma kada mu ɗora wa hukuma kaya duka, namu ma yana nan. Mu ne mu ke hana yarinya zuwa makaranta ranar da ciniki ya yi yawa don ta taya talla. Mu ne mu ke tura yaro aji ba fensir ba littafi, alhali an yi sabon ɗinki na biki. In an kira taron iyaye, benci ya fi mutane yawa. Amma ranar da malami ya tsawata wa yaro, sai ka ga uwa ta ɗaura gyale a ƙugu ta tafi har cikin aji tana zage-zage a gaban yara. Hukuma ta hana bulala a makarantun boko, wannan kuwa magana ce da masana suka duba, ba mu ja da su. Abin tambaya shi ne, in an karɓe bulala daga hannun malami, mu kuma muka karɓe masa girma a gaban almajiransa, da me zai riƙe yara 60?

Tun shekarar 2005 na'ura ce ta ke rarraba yaran da suka gama jarrabawar BECE zuwa makarantun sakandare. In sakamako ya fito aka jefa yaro wata makaranta mai nisa, ko wadda ba a so, ƙofar wa a ke ƙwanƙwasawa? Ta ticha. Shi da ba shi ya ƙera na'urar ba, ba shi ya ke juya ta ba, shi zai sha ƙorafi, shi zai bar abin da ya ke yi ya raka uba ofis. Wannan duk cikin kwanakin da mu ke cewa yana kwance ne.

Dokar ilmi ta zama hawainiya

In ka zauna da tsohon malami ka tambaye shi abin da ya fi gajiyar da shi, ba zai fara da kuɗi ba. Zai ce maka yawan sauye-sauye. Bari mu bi tarihin a hankali, don matasa su ji.

A 1951, tun ƙasar nan ana ce da ita Gwal Kwas, gwamnatin Kwame Nkrumah ta fito da shirin gaggauta ilmi, Kojo Botsio yana Ministan Ilmi. Daga 1952 aka soke kuɗin karatun firamare, yara suka yi ta kwarara, malamai suka yi kaɗan, har aka riƙa ɗaukar waɗanda suka gama midil a ba su horon 'yan makonni a miƙa musu alli. A 1961 aka yi dokar da ta ce karatun firamare da midil kyauta ne, kuma tilas ne. A tsarin wancan zamani yaro ya kan yi shekara 6 a firamare, 4 a midil, 5 a sakandare, 2 kuma na shirin jami'a, jimla 17. A 1987, zamanin Rawlings, aka rushe midil aka kawo ƙaramar sakandare da babba, shekarun suka koma 12. A 2007 gwamnatin Kufuor ta mai da babbar sakandare shekara 4. Gwamnatin Atta Mills ta hau a 2009 ta mai da ita shekara 3. Abin da ya biyo baya shi ne, a 2013 'yan shekara 4 da 'yan shekara 3 suka haɗu suka zauna jarrabawar fita a lokaci guda, suka fito suna turereniya a ƙofar jami'a. Wa ya sha wahalar wannan? Yaran, da malaman da aka ce su cusa karatun shekara 4 cikin 3.

A 2017 gwamnatin Akufo-Addo ta mai da babbar sakandare kyauta. Ɗalibai suka yi yawa har ɗakuna suka kasa, sai a 2018 aka raba su kashi biyu a makarantu da yawa, kore da ruwan zinariya, waɗannan suna aji waɗancan suna gida. Malamai da dama a makarantun nan suka rasa gane hutunsu, gama in wannan kashi ya tafi wancan ya dawo. A 2018 ɗin ne kuma aka fara jarrabawar lasisi ga sababbin malamai, aka mai da karatun kwalejin horon malamai shekara 4 na digiri. A 2019 aka kawo sabon tsarin darussa a firamare, aka tara malamai aka yi musu bitar 'yan kwanaki, amma littattafan da za a koyar da shi suka yi shekaru ba su iso ba. Ka ba mutum gona ka hana shi fartanya, sa'an nan ka zo da kaka kana tambayar dami!

Sai annobar korona ta zo, aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, yawancin yara ba su koma ba sai Janairun 2021. Wannan daga Allah ne, ba mai laifi. Amma lissafin shekarar karatu ya birkice, aka koma farawa a Janairu, dogon hutun da aka sani ya ɓace na ɗan lokaci, aka sha fama kafin a mai da shi mazauninsa. A cikin haka, a farkon 2022, aka wayi gari aka ce za a raba shekarar yara ƙanana kashi biyu maimakon uku. Malamai suka ce ba a shawarce su ba, kuma yaro ƙarami ba zai jure zama mai tsawo haka ba. Ba a daɗe ba aka janye. Da an tambaye su tun farko, da ba a sha wannan kunya ba.

Ga ra'ayinmu a fili. Yaron da ya shiga aji ɗaya bana sai ya yi shekara 12 kafin ya fita sakandare, gwamnati kuwa shekara 4 a ke zaɓenta. Watau yaro ɗaya zai ga zaɓe uku kafin ya gama. In kowace gwamnati za ta tumɓuke abin da ta tarar ta dasa nata, to yaron nan ya zama itacen da a ke ciro shi kullum a duba ko ya yi saiwa. Fatake sun san ba a sake wa jaki mangala a tsakiyar rafi. Muna roƙon masu mulki, na yau da na gobe, ko wace jam'iyya ce, su ɗauki ilmi su ajiye shi inda guguwar zaɓe ba ta kai wa, kuma kada a sake wata doka sai an zauna da wanda ya ke riƙe da alli. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

A faɗi alheri inda ya ke

Kada wani ya ce mun zo ɓata gwamnati ne. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Karatun sakandare kyauta ya shigar da 'ya'yan talakawan zango inda da ba su isa su leƙa ba, marayu da 'ya'yan masu gadi da na masu talla. Ciyar da yara a makaranta da aka fara a 2005 ya riƙe yara da yawa a aji waɗanda yunwa za ta kora. A 1987 aka kafa sashen makarantun Islamiyya a ƙarƙashin hukumar ilmi ta ƙasa, aka haɗa karatun addini da na boko a inuwa ɗaya, gwamnati tana biyan malaman boko. Wannan ya cire wa iyayenmu tsoron da ya hana su sa yara makaranta a zamanin Turawa, lokacin da yawancin makarantu na mishan ne, suna gudun kada yaro ya tafi da sunan Musa ya dawo da wani suna. Tsoron nan ya sa zango ya makara, har yau muna biyan bashinsa. Duk waɗannan alherai ne, mun gode. Amma fa duk shirin da aka zana a Ankara, a kan wuyan malami ya ke sauka. In wuyan ya gaji, shirin ya faɗi ƙasa, kome kyansa.

Maganar harshe

Akwai wata magana da ta shafe mu fiye da kowa. A 2002 aka ce da Turanci za a koyar da yara tun daga ajin farko. Bayan 'yan shekaru aka dawo aka ce a fara da harshen gida. A watan Oktoba na 2025 Ministan Ilmi Haruna Iddrisu ya sake ƙarfafa cewa a koyar da yara ƙanana da harshen uwa, daga ajin reno zuwa aji 3. Mu mun yarda da hikimar wannan, gama ko a makarantar allo malami ya kan fassara wa yaro da harshen da ya ke ji. Amma tun da daɗewa harsuna 11 gwamnati ta zaɓa ta ke buga littattafan makaranta da su, irin su Tuwi da Fante da Ga da Ewe da Dagbani da Gwanja, Hausa kuwa ba a sa ta ciki ba, ko da ya ke gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana watsa labarai da ita. To, ku duba halin malamin da aka kai makarantar zango. A gabansa ga ɗan Hausawa, ga ɗan Mosi, ga ɗan Kotokoli, ga ɗan Zabarmawa, ga ɗan Dagomba, ga ɗan Busanga, kowa da harshen uwarsa, amma in sun fita wasa duk Hausa su ke yi. Wane ne harshen uwa a wannan aji? Malami ba shi da amsa, takardar da aka aiko masa ma ba ta da ita. Wannan abu ne da ya kamata sarakunan zango da limamai da 'yan majalisarmu su kai gaba da murya ɗaya, cikin ladabi da hujja. Wanda bai yi magana ba a wurin rabo, kada ya yi kuka in an ba shi ƙashi.

Malamin da ba ya cikin lissafi

Duk maganar nan da mu ke yi, akwai wani malami da hutun boko ya ke zame masa ƙarin kaya, shi ne malamin makarantar allo. Ranar da aka rufe boko, ranar iyaye su ke tattaro yara su tura masa safe da yamma, don kada su yi ta gararamba a titi. Almajiransa su ninka, tabarma ba ta ƙaru ba, kuɗin Laraba bai ƙaru ba. Waɗansu iyayen ma sai a yi wata ba su aiko da ko sisi ba, wai ai aikin Allah ne. Aikin Allah ne, gaskiya, amma mai aikin yana da ciki, yana da iyali, mai gidan haya kuwa ba ya karɓar lada a madadin sidi. Shi ba shi da ƙungiya, ba ya yajin aiki, ba fansho. Ƙasar nan ta ga manyan malamai irin su Alhaji Umaru na Karachi, wanda ya karantar a Salaga da Kete Karachi har ya rasu a 1934, almajiransa suka bazu ko'ina cikin zangogi. Da jama'ar zamaninsu ba su riƙe malamai da daraja ba, da karatun bai iso gare mu ba. Mu da mu ke kashe dukiya a suna da biki da sadakar arba'in, ya kamata mu ji kunyar abin da mu ke miƙa wa mai koya wa 'ya'yanmu Fatiha.

Su ma malamai a faɗa musu gaskiya

Ba mu ce duk malami wankakke ba ne. Akwai mai zuwa aji a makare ya tashi da wuri. Akwai mai zama yana latsa waya, yara suna ta ihu. Akwai kuma wanda ya fi muni, mai ɓoye rabin darasi a lokacin makaranta don ya sayar da shi a karatun hutu, ɗan mai kuɗi ya samu, ɗan talaka ya rasa. Wannan cin amana ne, ƙarancin albashi kuwa ba ya halatta shi. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Malaman kirki, waɗanda su ne suka fi yawa, su ya kamata su fara tsawata wa irin waɗannan, gama wake ɗaya shi ke ɓata gari. Amma mu iyaye ba mu da bakin tuhumar malami sai mun san hanyar makarantar, mun san sunansa, mun sauke namu nauyin.

Abin da mu ke ba da shawara

Na farko, kafin a buɗe makaranta kowane uba ya zauna da ɗansa ya duba jakarsa, ya saya masa littafin rubutu da fensir tun kafin ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai iya karatun boko ba, ai ya iya ganin jan biro, ya iya tambayar yaro me aka koya yau.

Na biyu, a cikin hutu a ba yaro lokacin allo, a ba shi lokacin taya aiki a gida ko a rumfa, gama sana'a ma ilmi ce, amma a bar masa ko sa'a ɗaya a yini ya buɗe littafinsa na boko. Samarinmu da su ke jami'a da kwaleji, da su ke gida a wannan lokaci, su tara ƙannensu a harabar masallaci ko a makarantar Islamiyya su yi musu bita kyauta. Wannan ita ce zakkar ilminsu.

Na uku, in malami ya yi abin da bai gamshe ku ba, ku same shi a keɓe, ko ku je wurin hedimasta, ko ku zo zaure a sasanta. Kada a ƙara zagin malami a gaban yara. Yaron da ya ga an wulakanta malaminsa yau, gobe ubansa zai raina.

Na huɗu, kowace unguwa ta zauna ta yanka wa malamin allo abin da za a riƙa ba shi duk wata, a rubuta, a sa amintattu biyu su riƙa tarawa, don kada malami ya zama mai bin gida gida. Attajiranmu na goro da shanu da motoci su ɗauki nauyin marayu.

Na biyar, malamin da aka kawo unguwarmu daga nesa, ko Musulmi ne ko Kirista, baƙonmu ne. Asalin zango masaukin baƙi ne, kakanninmu da kansu saukar da su aka yi. A taimake shi ya sami ɗaki, masu gidaje su sassauta masa kuɗin gaba, in an yi tuwon Salla a aika masa. Malamin da ya ji daɗin unguwa ba ya neman a ɗauke shi, malamin da ya daɗe kuwa shi ya ke sanin yaro da uban yaro.

Na shida, in 'yan siyasa sun zo neman ƙuri'a da buhunan shinkafa da sukari na azumi, mu karɓa mu gode, sa'an nan mu tambaye su: ɗakunan aji nawa za a ƙara mana, yaushe littattafai za su zo, me a ke ciki game da malaman Larabci, ina matsayin Hausa a ajin ƙananan yara? Shinkafa kwana uku ta ke yi a tukunya, ɗakin aji kuwa jikoki ma za su zauna ciki.

Jama'a, kasuwar yau ba irin ta jiya ba ce. Goro da shanu sun riƙe kakanninmu ba tare da takarda ba, amma yanzu ko rumfa za ka kama sai an miƙo maka takarda ka sa hannu, ko kuɗi za ka aika sai ka karanta abin da waya ta rubuta. 'Ya'yanmu ba su da wata gada zuwa asibiti da kotu da majalisa sai ta hannun mutumin nan da mu ke yi wa ba'a cewa yana kwance. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, mai tanƙwarawar kuwa sai da ƙarfi a hannunsa da kwanciyar rai.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, na allo da na boko. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya zaunar da ƙasarmu Gana lafiya. Amin.



Daga Magatakardan Liman